Kafin a kama hanyar ƙauye: yadda za ki zaɓi gejin iskar taya mai faɗin gaskiya

Duk uwar da ta taɓa shirya tafiyar ƙauye da yara ta san lissafin ba ya ƙarewa. Ruwan sha, kunun jariri a fulas, maganin zazzaɓi, kayan canji, tsarabar Inna da ta Gwaggo, cajar waya. Mota kuwa an bar wa maigida ko direba. Shi ma abin da zai yi bai wuce ya duba fetur da ruwa da baƙin mai ba, sai ya tsaya wurin mai faci a bakin titi ya ce a ƙara iska. Mai faci ya ɗora tiyo, ya ƙwanƙwasa taya da sifana, ya ce ta yi. A yi addu'a, a kama hanya.

Haka muka yi a wata tafiyar biki zuwa wani ƙauye a arewacin Yobe, can bayan Gashuwa, inda kwalta ke ƙarewa rairayi ya karɓa. Mu bakwai ne a cikin jif ɗin da muka aro, har da jaririya 'yar wata biyar, ga but maƙare da kaya. Ba mu yi wani nisa da barin kwalta ba motar ta nutse. Maigida ya taka totur, tayoyi suka dinga haƙa wa kansu rami, har cikin motar ya zauna a kan yashi. Rana tsaka, babu sabis a waya, jaririya na tsala kuka, ni kuma ina ƙirga robobin ruwan da suka rage.

Mun kusa awa biyu a wurin kafin wani dattijon direban Hilux mai jigilar 'yan kasuwa ya tsaya. Na zata igiya zai ɗauko. Sai na ga ya zaro wani ɗan abu mai kama da agogon hannu daga aljihun gaban rigarsa, ya ɗora a bakin taya, ya girgiza kai. Allurar ta nuna 46. Ya buɗe ƙofar direba ya nuna wa maigida wata 'yar takarda da aka manna a jikin ƙarfen, wadda ba mu taɓa kula da ita ba, an rubuta 33. Ya sauke iskar tayoyin huɗu zuwa 18, suka yashe rairayin da ke gaban tayoyi da hannu, ya ce a tashi a hankali. Motar ta fito kamar ba ita ce ta ƙi motsi ɗazu ba. Kafin ya wuce ya ja mana kunne cewa kada mu kuskura mu koma gudu a kan kwalta da wannan iskar.

Wannan ɗan abu shi direbobi ke kira geji. Kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin sabuwar taya ɗaya ba, amma da wuya ki same shi a motar gida. Sayensa ba shi da wuya. Inda aikin yake shi ne samun wanda ba ya ƙarya.

Ido bai san kimar iska ba

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A maganar taya dai karin maganar nan ba ta aiki. Tayoyin zamani an saƙa su da wayoyin ƙarfe a ƙarƙashin fatar da ke taka ƙasa, gefensu kuma mai laushi ne, don haka ko iskarsu ta cika za ki ga ƙasansu ya ɗan buɗe. Tayar da ke da 32 da wadda ta sauka zuwa 24 kusan kamanninsu ɗaya idan kina tsaye a kansu. Matsawa da yatsa ko duka da ƙarfe daidai yake da ɗora hannu a goshin yaro: za ki san akwai zafi, amma ba za ki san ko 38 ne ko 40 ba, kuma a tsakanin nan ne ake yanke shawarar tafiya asibiti.

Taya mai lafiya, wadda ƙusa bai taɓa ta ba, tana rage iska da kanta, kamar PSI 1 a kowane wata, wani lokacin fiye. Yanayi ma yana taɓa ta: duk sauyin zafi na digiri 5 zuwa 6 yana ɗaga iskar ko ya sauke ta da kusan PSI 1. Tsakanin asubar hunturu da azahar ɗin ranar kawai sai a samu bambancin PSI 2 ko 3 a motar da ko motsawa ba ta yi ba.

Idan iska ta yi ƙasa, gefen taya yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi. Ki ɗauki waya ki yi ta lanƙwasa ta da sauri, za ki ji ta ɗau zafi kafin ta karye. Haka taya take yi a guje a kan kwalta, da kaya, a watan Afrilu. Zafin yana raba roba da wayoyin ƙarfen, sai a ji fam. Shi ya sa al'adar wasu direbobi ta tsayawa da rana su rage iska wai don kada zafi ya fasa taya take jawo abin da ake gudu. Idan kuma iskar ta yi yawa, tsakiyar taya kaɗai ke taka ƙasa, mota ta dinga tsalle a gargada, birki ya rage kamu a kan tsakuwa, kuma rami ɗaya mai kaifin baki ya isa ya tsaga ta.

Amurka ta koyi wannan da tsada. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa, bayan jerin haɗurran motocin Ford Explorer da fatar tayarsu ke saɓulewa a guje, motar ta kife. Mutane sama da 200 suka rasu. Abin ya fi yawa a jihohin kudu masu zafi, an kuma samu irinsa a Saudiyya da Benezuwela. An gano matsala a ƙirar tayoyin kansu, amma cikin abubuwan da kamfanonin biyu suka yi ta jayayya a kai har da yawan iska: Ford ya rubuta 26, Firestone ya ce 30 ta fi dacewa. Ki riƙe wannan tazara ta PSI 4, za mu sake haɗuwa da ita.

Lambar da motarki take so

Geji ba shi da amfani idan ba ki san lambar da kike nema ba. Ki buɗe ƙofar direba ki duba ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kai. Akwai takardar da kamfanin motar ya manna, da hoton taya ko na mota, da iskar gaba da ta baya. A wasu motocin Turai tana cikin murfin tankin mai. Yawancin ƙananan motocin gida suna tsakanin 30 da 35. Sau da yawa za ki ga layi biyu, ɗaya na mutum biyu ko uku, ɗaya na mota cike da mutane da kaya. Tafiyar Sallah layi na biyu ne namu. Idan fenti ya shafe takardar, littafin motar yana da lambar, kuma ana samun littafin a intanet da sunan motar da shekararta.

A jikin taya kuma akwai wata lamba da ƙananan haruffa, kusa da kalmar MAX, galibi 44 ko 51. Wannan iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da motarki take buƙata ba. Ina kyautata zaton daga nan ne al'adar ɗura 45 da 50 a kowace mota ta samo asali.

A Najeriya da Gana an fi ƙirgawa da PSI. A Nijar da Cadi da Kamaru an fi sanin bar, wasu direbobin su ce kilo. Bar 1 daidai yake da PSI 14.5, wato bar 2.2 shi ne PSI 32, shi ne kuma 220 idan an rubuta da kPa. Idan kuna yawan tsallaka iyaka, ku nemi gejin da ke da PSI da bar duka biyun a fuskarsa, don kada a yi ta gardama da mai faci a Maraɗi ko Damagaram.

Kuma duk waɗannan lambobi na taya mai sanyi ne, wato motar da ta yi aƙalla awa uku a tsaye, ko wadda ba ta yi fiye da kilomita ɗaya da rabi ba. Bayan doguwar tafiya geji zai nuna ƙarin 4 zuwa 6, kuma wannan ba matsala ba ce. To ga tambaya: yaushe ne motarki take da sanyi? Da safe, a ƙofar gida, inda babu mai faci. Wannan kaɗai ya isa dalilin mallakar naki.

Sikelin buhu da sikelin gwal

Ba na zargin masu faci da ha'inci. Yawancinsu mutanen kirki ne masu neman halak a cikin rana, kuma sun sha fitar da mu kunya. Amma ki dubi rayuwar gejinsu. Yana aiki daga safe zuwa dare, yana faɗuwa a ƙasa, ƙura tana shiga, babur ya taka shi, kuma ba a taɓa kai shi ko'ina an gwada gaskiyarsa ba. Mudun da ya sha faɗuwa har gindinsa ya lotsa, ko mai shi ba macuci ba ne, awonsa ba zai cika ba.

Akwai kuma matsalar da ta fi wannan, wadda ko sabon geji yana da ita. Mai faci yana yi wa tirela da tifa aiki, su kuma tayoyinsu suna shan sama da 100. Don haka gejinsa mai kaiwa 160 ne ko fiye. Babu wadda za ta kai ɗan kunnenta a auna a sikelin da ake ɗora buhun masara. Sikelin ba lalacewa ya yi ba, girmansa ne bai dace da abin da ake aunawa ba.

Ga yadda lissafin yake. Geji mai allura, kuskurensa ana ƙirga shi ne daga babbar lambar da ke ƙarshen fuskarsa. Akwai wani ma'aunin inganci na Amurka da za ki ga an rubuta a kwalin masu kyau, ANSI B40.1 Grade B. Ya yarda geji ya kauce da kashi 2 cikin 100 na cikakken awonsa idan allura tana tsakiyar fuska, da kashi 3 cikin 100 idan tana kwatan farko ko na ƙarshe. A geji mai kaiwa 160, iskar motarki ta 32 ta faɗa a kwatan farko, ke nan sabo fil daga kwali an yarda ya yi kuskuren kusan PSI 5, sama ko ƙasa. Kin tuna tazarar PSI 4 ta Ford da Firestone? Ta shige ciki har da saura. A geji mai kaiwa 60 kuwa, 32 tana tsakiya daidai, kuskuren da aka yarda da shi bai wuce 1.2 ba.

Don haka abu na farko da za ki duba a kanti shi ne lambar ƙarshe. Mai saye yakan ɗauka wanda ya fi yawan lambobi ya fi ƙarfi, mai kanti ma zai taya shi. Ke ki nemi wanda iskar motarki za ta faɗa a tsakiyarsa. Ga motar gida da jif, mai tsayawa a 60 shi ne daidai. Yana auna iskar kwalta da kyau, kuma 15 zuwa 20 ta rairayi ba ta fita daga yankin da yake da gaskiya ba. Direbobin da rayuwarsu ke cikin yashi, irin masu bin hanyar Agadas zuwa Dirku da Bilma, su ne za su amfana da ƙarin na biyu mai tsayawa a 30, wanda kuskurensa a tsakiya bai wuce 0.6 ba. Mu masu zuwa ƙauye sau uku ko huɗu a shekara, guda ɗaya mai kyau ya wadatar.

Mai kama da biro, mai allura, da mai batir

Mafi araha shi ne mai kama da biro, wanda wani ɗan farin sanda mai lambobi ke fitowa daga gindinsa. Yana shiga jaka, ba ya son batir, faɗuwa ba ta cika damunsa ba. Amma sandan yana zamewa ne a cikin bututu, kuma ƙura da yashi su ne abokan gabarsa. Da ƙwayar yashi ta shiga, sandan zai fara cijewa ya ba ki lambar da ta yi ƙasa. Lambobinsa kuma ƙanana ne a cunkushe, ga wadda ta fara neman tabarau wahala ce. Na ƙarfe ya fi na roba. Ni dai ina ganinsa a matsayin na ko-ta-kwana.

Mai allura shi na fi yarda da shi a hanyar daji. A cikinsa akwai wani lanƙwasasshen bututun tagulla da ke ɗan miƙewa idan iska ta shige shi, ya ja allura. Dabara ce ta wani injiniyan Faransa, Eugène Bourdon, tun 1849, kuma har yau ita ake amfani da ita. Babu batir da zai mutu a inda babu kanti, zafin rana bai dame shi ba. Rauninsa ɗaya ne: faɗuwa. Sau ɗaya ya daki siminti zai iya kaucewa, kuma ba zai gaya miki ba. Don haka ki zaɓi mai rigar roba a kewayensa. Ki so mai ɗan gajeren tiyo, saboda kan bawul ɗin wasu tayoyin a lungu yake, kuma da tiyo za ki iya juyo fuskar ki karanta ba sai kin kwanta a ƙasa da lafayarki ba. Ki so wanda allurarsa ke tsayawa a inda ta kai bayan an cire shi, da ɗan maɓalli a gefe na sakin iska. Maɓallin nan shi ne rabin aikin a bakin rairayi: kina danna shi iska na fita, kina saki kina ganin inda aka kwana, ba sai an yi ta neman tsinken ashana ana tsokanar bawul ba. Wasu za ki ga wani ruwa mai kauri a cikin gilashinsu. Ba lalacewa ba ce, an zuba shi ne don ya kare kayan ciki daga jijjiga.

Mai batir yana rubuta lamba ɓaro-ɓaro, wasu har da fitila, kuma mai kyau a cikinsu ya fi sauran daidaito. Abu biyu za ki kiyaye. Na ɗaya, don ya rubuta 32.4 ba yana nufin ya san 32.4 ɗin ba ne. Agogon da ke nuna daƙiƙa ma yana iya zama a baya da minti goma. Ki duba kwali ki ga ko an faɗi iyakar kuskurensa, kamar PSI 0.5 ko kashi 1 cikin 100. Wanda bai ce komai ba, ki ajiye shi. Na biyu, batir. Ki tambaya wane iri yake ci kuma ko ana buɗewa a canza, domin akwai waɗanda a liƙe suke, batir na mutuwa an gama da su. Mai cin AAA ko CR2032 ana samun batirinsa a kusan kowane gari. Zafin cikin motar da aka rufe a rana yana cinye batir yana kuma baƙanta gilashin, don haka kada a bar shi a kan dashbod.

Ki gwada kafin ki biya

Ana samun geji a wurin masu sayar da kayan mota, kamar Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja, da manyan shagunan taya, da shagunan intanet. Rubutun kwali ba hujja ba ne, mun san yadda jabu yake a kasuwa. Idan da hali a je da mota.

Ki fara duba allura tun geji yana hannu. Dole ta kwanta a kan sifili. Wadda ta ɗan ɗaga ko ta karkace, an riga an yar da shi. Sai a auna taya ɗaya sau uku a jere, a danna shi sosai a miƙe har sai an daina jin tsiyayar iska. Ya kamata lambobin uku su zo ɗaya, ko bambancin bai wuce 1 ba. Gejin da ya ce 31, ya ce 34, ya dawo 29, ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa. Sannan ki roƙi mai kanti ya fito da biyu ko uku irinsa a gwada su a tayar. Idan biyu sun yi daidai ɗaya ya ware, kin san wanda za ki bari.

Bayan an saya, ranar da aka kai mota babban shagon taya mai injin awo na zamani, a gwada naku da nasu a taya guda. Idan motarku tana nuna lambar kowace taya a dashbod, ita ma abin gwadawa ce. In kun tabbatar naku yana ƙara 1 kullum, ba sai an yar ba: a manna masa 'yar takarda a baya a rubuta. Kuskuren da aka sani kuma ba ya canzawa ana iya zama da shi. A maimaita gwajin sau ɗaya a shekara, da kuma duk ranar da ya faɗi.

Idan kwalta ta ƙare

Abin da dattijon nan ya yi mana ba siddabaru ba ne. Taya mai tauri tana yanka yashi tana nutsewa, kamar takalmi mai tsini a tsakar gidan biki. Da an rage iska, wurin da take taka ƙasa yana ƙara tsawo, nauyin mota ya bazu, sai ta hau kan yashin maimakon ta haƙa shi.

Ana rage iskar ne tun a ƙasa mai tauri, kafin a shiga, ba bayan an maƙale ba. A fara auna kowace taya a rubuta abin da aka gani, domin tayoyin suna da zafi a lokacin, kuma wannan lambar ce za a mayar idan an fito. Ga jif ko Hilux mai tayoyi masu tsayin gefe, a fara da 20 a duka huɗun. Idan yashin ya yi laushi ƙwarai a sauka zuwa 16 ko 15. Wanda bai goge ba kada ya wuce nan, kuma motar da ke cike da mutane da kaya ta tsaya a 18 zuwa 20. Iska ce ke manne bakin taya da rim. Idan ta yi ƙasa da yawa, kwana ɗaya mai kaifi ta isa tayar ta saɓule, iskar ta fice gaba ɗaya, kuma ɗaga mota da jak a cikin yashi aiki ne da ba na yi wa kowa fatansa.

A nan ne gaskiyar geji ta fi tsada. Kuskuren 4 a kan 32 kashi ɗaya ne cikin takwas. Kuskuren 4 a kan 16 kwata ne cur. Kina ganin 16 alhali 12 ce, ko kina ganin 16 alhali 20 ce ana ta mamakin me ya sa mota ta ƙi tafiya. Kuma idan taya ɗaya tana 15 ɗaya tana 21, sitiyari zai dinga ja gefe.

Da iska ƙasa, gudu ya haramta. Kilomita 30 zuwa 40 a awa ya isa, kwana a faɗaɗe, birki a hankali. A lura da gefen taya, don yanzu ya buɗe ya matso ƙasa, kuma kututturen dawa ko ƙaya mai ƙarfi a gefen gona suna iya huda shi, hudar gefe kuwa ba ta faci. A burji mai gargada da tsakuwa ba a sauka can ƙasa: rage 4 zuwa 6 tare da rage gudu ya isa ya sassauta jijjigar da ke sa yara amai. A taɓon damina ma ragi kaɗan ne ke taimakawa.

Duk wannan magana ta manyan tayoyi ce. Ki duba lambar da ke jikin tayarku, irin 265/70 ko 205/55. Ta biyun ita ce tsayin gefe idan aka kwatanta shi da faɗin tayar. Idan 55 ce ko ƙasa da haka, kamar na wasu ƙananan motoci, babu wani sarari sosai tsakanin rim da ƙasa. Rage iska da yawa zai sa dutse ya lotsa rim, cikin motar kuma ya ƙara matsowa ƙasa. A irin wannan mota ana ragewa ne kaɗan don a fita daga inda aka maƙale, a mayar nan take. Wata hanyar ma gaskiyarta ita ce a ajiye motar a garin da kwalta ta ƙare a hau ta 'yan kasuwa.

Iskar da aka fitar, wa zai mayar?

Wannan ita ce tambayar da ba mu yi wa kanmu ba a waccan tafiyar. Da za mu dawo, sai da muka yi rarrafe a gefen kwalta da fitilun gargaɗi a kunne har muka iske mai faci na farko. Tayar da ke da 18, a guje a kan kwalta mai zafi da mutum bakwai, ita ce ainihin tayar da ke fashewa. Don haka geji da ƙaramin famfon lantarki tare suke tafiya. Akwai mai shiga ramin caja na mota, akwai mai maƙalawa a kan batir, wanda ya fi sauri ga manyan tayoyi. A bar injin mota a kunne yayin da yake aiki, a kuma ba shi hutu idan ya ɗau zafi. Shi ma yana da nasa gejin a jiki, amma kada a dogara da shi: yana aiki allurarsa na rawa tana nuna fiye da gaskiya. A kashe, a cire, a auna da naku.

Wata za ta ce ai motarmu tana da fitilar taya a dashbod, mai kama da kofaton doki da alamar motsin rai a tsakiya. Gaskiya ne, bayan abin da ya faru a 2000 Amurka ta wajabta ta a sababbin ƙananan motoci daga Satumban 2007, Tarayyar Turai kuma daga Nuwamban 2014. Sai dai dokar Amurka ta ce ta kunnu ne idan iska ta ragu da kwata, wato motar da ke son 32 tana iya kaiwa 24 kafin fitila ta yi magana. Na'urorin da ke cikin tayoyin kuma suna da batir mai shekara 5 zuwa 10, a yawancin motocin tokumbo sun daɗe da mutuwa. Shi ya sa za ki ga fitilar a kunne dare da rana har an daina ganinta.

Saura maganar mai faci da ta maigida, wadda ta fi lissafi wuya. Babu mai son a nuna masa aikinsa. Abin da na ga yana aiki shi ne a faɗi lamba tun kafin ya ɗora tiyo, a ce 33 ake so, in ya gama a auna da na gida ba tare da wani dogon bayani ba, a ba shi haƙƙinsa da fara'a. Na unguwarmu yanzu da kansa yake miƙo hannu a ba shi namu. Maigida kuma, idan maganar haɗari ba ta shige shi ba, a yi masa ta aljihu: taya mai ƙarancin iska tana ƙara shan mai, gefunanta suna cinyewa tun tsakiya na da sauran rai, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 babu wanda ke raina wannan lissafin.

A gidanmu aikin ya koma hannun babban ɗana. Asabar ɗin farko ta kowane wata, da kuma safiyar kowace doguwar tafiya, kafin rana ta bugi gefe ɗaya na motar, yana zagaya tayoyin yana faɗin lamba ina rubutawa a waya. Tayar da take raguwa fiye da 'yan'uwanta mun san akwai ƙusa ko bawul ɗinta na tsiyaya, ɗigon ruwan sabulu a bakinsa zai nuna kumfa. Yana mayar da murfin kowane bawul, don shi ke hana yashi shiga. Sannan a fito da safaya ita ma a auna. Idan 'yar siririyar nan ce ta wucin gadi, 60 take so, kuma ba a wuce kilomita 80 a awa da ita. Gejin kuma yana komawa cikin tsohuwar safar jariri, a aljihun gaban mota, tare da takardun mota.